Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓen Kwamin Shafa Imalshan da Wanke Shi a Aikin Bugun Sikirin

Masu buga zane a kan riguna, jakunkuna da takardu ta hanyar raga, wato aikin da aka fi sani da bugun sikirin, sukan zuba kuɗinsu da hankalinsu a kan tawada da fitilar gasa zane, su manta da ɗan ƙarfen da ake shimfiɗa imalshan da shi. Alhali kuwa duk abin da zai fito a kan riga daga bakin wannan ƙarfe yake farawa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Mene ne kwamin shafi, kuma mene ne aikinsa?

Imalshan wani ruwa ne mai kauri da yauƙi wanda haske ke ƙanƙarar da shi. Ana shafa shi a kan raga, a bar shi ya bushe a cikin duhu, sannan a ɗora fim, wato siririyar takardar roba da haske ke ratsawa, mai ɗauke da zane a haska shi. Inda haske ya taɓa sai ya yi tauri, inda baƙin zane ya kare shi kuma sai ruwa ya wanke shi, ta nan ne tawada za ta bi ta sauka a kan abin da ake bugawa. Kwamin shafi, wanda masu sana'ar ke kira sukuf kota, shi ne dogon mazubin da ake zuba imalshan a ciki, a manna bakinsa a jikin raga, a ja shi daga ƙasa zuwa sama. Galibi da alminiyam ake yin sa, yana da marfin roba a kowane gefe don kada ruwan ya zube, kuma cikinsa a lanƙwashe yake yadda idan an karkata shi imalshan zai gangaro ya taru a baki gaba ɗaya. Aikinsa biyu ne a ja guda: ya tura imalshan cikin ramukan raga, ya kuma kankare abin da ya yi yawa, ta yadda kaurin shafin zai zama ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Wane girma ya kamata in saya?

A nan ne mafi yawan masu farawa ke yin asarar kuɗi, domin sukan duba girman firam, wato sandunan da aka ɗaure raga a jikinsu, daga waje, alhali faɗin cikinsa ne abin aunawa. Firam mai inci 20 da 24, idan kaurin sandunansa inci 1.5 ne, abin da ya rage a ciki inci 17 ne da 21. Kwami mai inci 15 ko 16 ne zai dace da shi. Firam mai inci 23 da 31 kuwa cikinsa inci 20 ne da 28, don haka kwami mai inci 18 ko 19 ake nema. A lura kuma cewa marfin gefe yana ƙara wa kwamin tsawo kaɗan a kan abin da aka rubuta a jikinsa, saboda haka gara a auna shi da marfin a jiki.

Dalilin barin wannan tazara yana da muhimmanci. Raga ta fi tauri a kusa da sandunan firam, ta fi laushi a tsakiya. Idan kwamin ya kai har bakin sanda, gefunansa biyu za su tokare da wurin da ba ya lotsawa, tsakiyarsa kuma ba za ta matse ragar sosai ba, sai a tarar da shafin ya yi kauri a tsakiya ya yi siriri a gefe. Wani lokaci ma marfin yakan hau kan gam ɗin da aka manna ragar da shi, kwamin ya yi tsalle, imalshan ya tsiyayo. A ɗaya ɓangaren kuma, wajibi ne kwamin ya fi zanen da za a buga faɗi da aƙalla inci ɗaya a kowane gefe. Wanda ya sayi ƙarami da nufin ya riƙa ja sau biyu, dama da hagu, zai samu kauri mai tudu a inda shafin biyu suka haɗu, kuma daidai nan ne tsakiyar zane take faɗawa. A ganina, idan mutum yana tsakanin girma biyu, ya ɗauki wanda ya bar masa inci ɗaya cif a kowane gefe, ya toshe sauran fili da tef ko ruwan toshe raga daga baya. Mai aiki da firam iri biyu kuwa kwami biyu yake buƙata, babu wata dabara.

Me ya sa wasu ke da baki biyu, ɗaya mai kaifi ɗaya mai kauri?

Bakin da ya fi siriri yana kankare imalshan sosai, ya bar shafi mara kauri. Bakin da aka zagaye yana barin ƙarin imalshan a kan raga. Zaɓi tsakaninsu ya danganta da ragar da kuma irin zanen. Ana ƙidaya raga da yawan zaren da ke cikin inci ɗaya ko santimita ɗaya: raga mai lamba 110 a lissafin inci ita ce 43 a lissafin santimita, 156 ita ce 61, 230 ita ce 90, sannan 305 ita ce 120. Raga mai manyan ramuka kamar 110, wadda ake buga farar tawada mai kauri da ita a kan baƙar riga, tana shan imalshan da yawa kafin ramukanta su cika, shi ya sa baki mai kauri ya fi dacewa da ita. Raga mai ƙananan ramuka kamar 230 ko 305, wadda ake fitar da ƙananan rubutu da ɗige-ɗigen hoto da ita, baki mai kaifi take so, domin idan shafin ya yi kauri ƙananan ɗigogin ba za su buɗe da kyau wajen wankewa ba, waɗanda suka buɗe ma tawada za ta riƙa maƙalewa a cikinsu.

Sai dai wannan ba doka ba ce da aka sassaƙa a dutse. Imalshan mai kauri sosai yakan ba da isasshen shafi ko da baki mai kaifi, mai ruwa-ruwa kuma yana iya buƙatar baki mai kauri ko a raga matsakaiciya. Abin da ya fi komai shi ne mutum ya tsaya a kan baki ɗaya ga kowace irin raga, ya rubuta a bango, domin lokacin haskawa ya dogara ne a kan kaurin shafi. Wanda yau ya shafa da wannan baki gobe da wancan, bai canza daƙiƙun fitila ba, zai yi ta zargin fitilar a banza.

Alminiyam ya fi, ko ƙarfe mara tsatsa?

Alminiyam ba shi da nauyi, kuma ana iya yanka dogon sanda a fitar da girman da ake so a sa masa marfi. Aibinsa laushi: faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa ta lotsa bakinsa. Ƙarfe mara tsatsa ya fi jure bugu da sinadarai, amma ya fi nauyi da tsada. Ga mai aikin hannu, alminiyam da aka kula da shi zai yi shekaru. Na roba zalla ya fi dacewa da koyo, domin dogo daga cikinsa yakan tanƙware idan an matsa.

Me zan duba kafin in biya kuɗi?

A cire murfin da ke kare bakin, a bi shi da farce a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Farce yana jin tsagar da ido bai gani ba. Daga nan a kifa bakin a kan gilashi ko wani abu mai shimfiɗa sosai, a sunkuya a duba ta ƙasa da haske a baya: idan haske yana ratsowa ta tsakiya, kwamin a tanƙware yake, kuma babu ƙwarewar hannun da za ta gyara wannan. Sai marfin gefe. A zuba ruwa a ciki a karkata shi dama da hagu a ga ko yana yoyo, a kuma tabbata leɓen marfin bai wuce bakin ƙarfen ba ta yadda zai hana shi taɓa raga. Marfin da aka yanke shi a karkace yana da wani amfani da mutane ba su cika lura da shi ba, domin idan an jingina shi a jikin raga shi ne ke nuna kusurwar da ya kamata a riƙe kwamin.

Ba za a iya shafawa da sukwiji ko katin roba ba?

Za a iya, kuma da yawa da haka suka fara. Amma robar sukwiji, wato abin da ake jan tawada da shi a kan raga, tana lanƙwashewa gwargwadon ƙarfin hannu, ba ta kuma da mazubin da zai riƙa ciyar da imalshan daidai, saboda haka raga biyu ba za su taɓa fitowa iri ɗaya ba. Ga manyan haruffa a kan riga goma, babu laifi. Ga ƙaramin rubutu ko aikin launi uku da huɗu, ɓata imalshan ne kawai.

Ta yaya ake riƙe shi don shafin ya fito daidai?

Da farko ragar ta kasance an wanke mata maiƙo ta bushe sarai, ɗakin kuma babu hasken rana ko farar fitila, sai fitila mai ruwan ɗorawa. A zuba imalshan ya kai kusan rabin kwamin, a jira kumfar da ta taso ta kwanta. A tsayar da firam a ɗan karkace, a tokare shi yadda ba zai zame ba. Sai a manna bakin kwamin a ƙasan raga, a karkata shi har imalshan ya gangaro ya taɓa ragar a tsawon bakin duka, sannan a fara ja sama a hankali da matsi mai ƙarfi wanda bai canzawa. Idan matsin ya isa, za a ji wata ƙara siririya kamar ana zuge zif. Saura inci ɗaya ko biyu a kai sama sai a tsaya, a mayar da kwamin baya ba tare da an raba bakinsa da raga ba, a jira imalshan ya koma ciki, sannan a ɗan goga shi gefe a ɗauke.

Ana fara shafa gefen da zai taɓa riga, a ƙare da gefen da sukwiji ke bi, domin jan ƙarshe shi ne ke tura imalshan ya fito ta gefen riga, inda ake son kaurin ya taru. Saboda wannan dalilin ne ake kwantar da firam ya bushe gefen riga yana kallon ƙasa, a kan wani abu da zai ɗaga shi kada ya taɓa komai. Sau ɗaya kowane gefe ya isa ga ayyuka da yawa, wasu kuma sukan yi biyu da ɗaya ko biyu da biyu. Hanyar ganewa ita ce a shafa gefen riga har ɗaya gefen ya fara sheƙi, alamar cewa ramukan sun cika. Akwai kuma abin da masu shafa raga da yawa a jere ke mantawa: yayin da imalshan ke raguwa a cikin kwami, shafin ma yana raguwa, don haka a riƙa ƙarawa kafin ya yi ƙasa sosai. Sauri kuwa kumfa yake haifarwa, kumfar nan ita ce ke zama ƙananan hujoji kamar tsinin allura bayan an haska.

Ragowar da ke cikin kwami, a mayar da ita cikin roba ko a zubar?

A mayar, matuƙar ba a bar ta ta daɗe a buɗe ba. A cire marfi ɗaya, a karkata kwamin a kan robar, a share cikinsa da katin roba mai laushi ko yatsa cikin safar hannu. Idan ɗakin na da ƙura, ko an ga fatar da ta fara kamawa a sama, a tace ta da guntun tsohuwar raga mai tsabta. Ɓarɓashi ɗaya na busasshen imalshan da ya koma cikin roba zai dawo wata rana ya maƙale a bakin kwami ya ja layi.

Yaushe ake wanke shi, kuma da me?

Nan take, kafin ma a je duba ragar da aka shanya. Imalshan da bai bushe ba kuma haske bai taɓa shi ba ruwa kaɗai ke narkar da shi, domin sinadaran da aka gina shi a kansu masu narkewa ne a ruwa. A wannan lokacin wankin bai wuce minti biyu ba. Idan aka bari ya bushe aikin ya ninku, idan kuma aka fitar da kwamin waje rana ta haska shi, to abin da ke jikinsa ya zama irin wanda aka yi shi don ya jure dubban jan sukwiji, ruwa ba zai ƙara motsa shi ba.

A yi amfani da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi da soso mai laushi. Ruwan zafi sosai ba ya taimakawa, musamman ga imalshan mai diyazo, wato garin sinadarin da ake gauraya masa don ya riƙa jin haske, domin zafi yana sa irin wannan imalshan ya fara tauri. Shi ya sa ma ake hana busar da raga a zafin da ya wuce digiri 40 na ma'aunin Selsiyos. A cire marfin biyu duka a wanke su daban. Lungun da marfi ya haɗu da ƙarfe shi ne maɓoyar datti, tsohon buroshin haƙori ne ke iya shiga wurin. Bakin kwamin kuma a bi shi da soso a tsawonsa, ciki da waje, domin imalshan yakan zagayo ta bayan leɓen ya bushe a inda ba a kallo. Bayan an ɗauraye, a goge da ƙyalle mara gashi, a bar shi ya sha iska kafin a mayar da marfi. Ɗigon ruwan da ya rage a lungu zai gauraya da imalshan na gaba ya bar tabo mai haske a kan raga.

Idan ana shafa raga da yawa kuma aka ɗan dakata, ko na minti uku ne, a goge bakin da ɗanyen ƙyalle kafin a ci gaba. Na taɓa tsayawa amsa waya da kwami a hannu, da na dawo na shafa raga shida a jere, sai da suka bushe na ɗaga ta farko a gaban fitila na ga siririn layi tun daga ƙasa har sama, a wuri ɗaya a dukkansu. Abin da ya jawo haka bai kai ƙwayar yashi ba, ɗan imalshan ne da ya bushe a leɓen kwamin. Duka shidan sai da aka wanke aka sake.

Ya riga ya bushe a jiki. Yaya zan yi?

Idan haske bai taɓa shi ba, a jiƙa kwamin a ruwa mai ɗan ɗumi na minti 15 zuwa 30, zai yi laushi ya saɓule da soso. Idan ya riga ya ƙanƙare, sai a koma ga ruwan cire imalshan, wanda ake wanke raga da shi, mai ɗauke da sinadarin sodiyam metafiriyodet. A shafa, a ba shi minti ɗaya ko biyu yana jiƙe, a goge, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Sharaɗin da ke kan raga shi ne a nan ma: kada a bar wannan ruwa ya bushe a kan imalshan, domin idan ya bushe sai ya ƙara kulle shi maimakon ya narkar. Haka kuma a tabbata babu ko ɗigonsa da ya rage a lungun marfi, tunda aikinsa lalata imalshan ne, bai kuma san sabo da tsoho ba. Abin da ya ƙi fita a ture shi da katin roba ko tsinken katako.

Waɗanne abubuwa ne bai kamata su taɓa kwamin ba?

Reza, wuƙa, soson ƙarfe da buroshin waya, domin dukkansu sun fi alminiyam tauri. Sai sinadarin cire inuwar tsohon zane daga raga, wanda yawancinsa ke ɗauke da kostik soda: wannan yana cin alminiyam, ya bar shi da ramuka da toka-toka. Bilic ma yana cinsa idan an jiƙa shi a ciki. Tina da sauran masu narkar da fenti ba su da wani amfani a nan, suna iya ma lalata marfin roba.

Kwamina ya yi tabo ruwan ƙasa-ƙasa duk da ina wanke shi. Ya lalace ne?

A'a. Diyazo yana rina duk abin da ya taɓa, har da hannu da tufafi. Idan farce bai ji tudu a wurin ba, launi ne kawai, a ƙyale shi.

Layi yana fitowa a kan raga. Daga kwami ne ko daga raga?

Akwai gwaji mai sauƙi. A shafa wata ragar daban: idan layin ya sake fitowa a daidai wurin, laifin kwami ne. Idan tabon zagaye ne kamar idon kifi, maiƙo ne a jikin raga. Idan tsakiya ce ke yin kauri alhali kwamin a miƙe yake kuma girmansa daidai, ragar ce ta saki. Masu awon taurin raga sukan nemi kusan Niyuton 20 zuwa 25 a kowace santimita ga aikin riguna.

Ƙaramar tsaga a baki tana gyaruwa. A naɗe samfefa mai laushi, lamba 400 ko 600, a jikin katako mai shimfiɗa, a jiƙa ta, a bi bakin da dogon ja daga ƙarshe zuwa ƙarshe, sannan a ƙarasa da lamba 1000. Kuskuren da ake yi shi ne a tsaya ana goga wurin tsagar kaɗai, sai a mayar da ita kwari mai faɗi wanda zai riƙa barin shafi mai kauri a wurin. A bi tsawon duka daidai, a kuma kiyaye siffar bakin, kada mai kauri ya koma mai kaifi. Bayan an gama a wanke garin ƙarfen tas. Baki mai ƙaya bai tsaya ga ja layi ba, yana iya tsinka zare ɗaya a raga mai tauri, ragar ta yage nan take daga sama har ƙasa. Idan lotsawar ta yi zurfi kuma tana kusa da ƙarshe, ana iya yanke wurin a mayar da marfi, a samu ƙaramin kwami na ƙananan firam. Idan a tsakiya take, sai a yi amfani da ɗaya bakin ko a sayi sabo.

Sauran kayan fa, kamar abin gaurayawa?

Sandar roba, gilashi ko ƙarfe mara tsatsa ita ce ta dace, a wanke ta tare da kwami. Katako yana sha, yana kuma zubar da ɓarɓashi, don haka idan an yi amfani da shi sau ɗaya a jefar. Garin diyazo ana narkar da shi da tataccen ruwa, a juya shi cikin imalshan a hankali, a rufe a bar shi aƙalla awa ɗaya ko biyu kumfa ta fita. A rubuta ranar da aka haɗa a jikin murfi, domin imalshan mai diyazo makonni kaɗan yake yi bayan haɗawa, saɓanin wanda ya zo a haɗe daga masana'anta, wanda kan kai shekara. A riƙa goge leɓen robar kafin a rufe, saboda busasshen da ke taruwa a can yakan faɗa ciki duk lokacin da aka buɗe.

A ina ya kamata a ajiye shi?

A mayar masa da murfin roba mai kare baki, a ajiye shi shi kaɗai a kan kanta ko a rataye, a kife ko a rufe don kada ƙura ta taru a ciki. Kada a jefa shi cikin akwati ɗaya da almakashi, sukudireba da maƙullan firam. Wanda murfinsa ya ɓata ya samu siririn tiyo na roba, ya tsaga shi a tsaye, ya zura a bakin. Kafin a zuba imalshan a karo na gaba, a sake bin bakin da farce, a kuma goge cikin da ƙyalle mai tsabta ko da jiya aka wanke shi.